Tukunya Ba Nama: Sharhi Kan Girkin Wake Da Adas Cikin Sauri

Abubuwa uku ne suka haɗu a 'yan shekarun nan suka dawo da maganar wake bakin mutane. Na farko shi ne tsadar rayuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. Gidajen da a da ba a sauke tukunyar miya sai da tsoka, yanzu sai ranar Juma'a ko ranar da aka yi baƙo. Na biyu shi ne asibiti. Hawan jini da ciwon suga sun zama ruwan dare, kuma kusan duk wanda ya ga likita a kansu sai ya dawo gida da umarni iri ɗaya: rage jan nama, rage maiƙo, rage gishiri, yawaita wake da ganye. Na uku kuwa wani salon ci ne da ya yi ƙarfi a Turai da Amurka, inda mutum ke ƙaurace wa nama da kifi da ƙwai da madara da duk abin da ya fito daga jikin dabba, ya dogara ga tsirrai zalla.

Masu tallata wannan salo suna yi wa mai girki alkawari uku a lokaci guda: abincin zai dahu da sauri, zai ƙara lafiya, kuma ba a bukatar komai na dabba. Ginshiƙin alkawarin kuma shi ne wake da 'yan'uwansa, musamman adas. Abin tambaya shi ne, shin waɗannan alkawura uku suna cika tare a madafin Bahaushe? Amsar a taƙaice ita ce suna cika, amma ko wanne da sharaɗinsa, kuma wanda ya yi watsi da sharaɗin zai samu ɗaya ya rasa biyu.

Mafarin salon da kuma matsayinmu

A shekarar 1944 ne wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar Vegan Society, domin waɗanda ba nama kaɗai suka bari ba, har da madara da ƙwai. Hujjarsu ta farko tausayin dabbobi ce. Daga baya aka ƙara hujjar lafiya da ta muhalli, ganin yawan fili da ruwa da hatsin da kiwon zamani ke cinyewa. Sai dai cin abinci ba nama ya girmi wannan ƙungiya nesa ba kusa ba. A Indiya miliyoyin mutane sun gaji barin nama kaka da kakanni, kuma miyar adas da suke kira dal ita ce abokiyar shinkafa da gurasarsu kullum. A Habasha mabiya cocin Orthodox suna barin nama da madara da ƙwai kowace Laraba da Juma'a, sannan suna da babban azumi na kwana 55 kafin Ista, abin da ya sa madafinsu ya ƙware wajen sarrafa adas da garin ƙwaya.

Mu kam ba aƙida ce ta kawo mu nan ba. Nama halal ne, ana layya, ana yanka ragon suna, kuma babu mai cewa a haramta abin da Allah Ya halatta. Amma barin nama a wata tukunya ko a wasu kwanakin mako ba haramtawa ba ne, tsari ne na gida. In ma aka duba da kyau, yawancin abincin da aka tashi da shi a karkara da birni tsirrai ne zalla ba tare da an ba shi wani suna ba: shinkafa da wake da mai da yaji, ɗanwake, ƙosai da koko, alala, tubani, faten wake, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, dambu, miyar kuka da daddawa kaɗai ta ɗaure ta. Wake kansa ɗan gida ne. A Afirka ta Yamma aka fara nomansa, an kuma tono ragowarsa a yankin Kintampo na ƙasar Gana wanda ya haura shekara 3,000. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan nau'in wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuma daga kasuwar Dawanau ta Kano ake lodinsa zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta. Don haka ba girke-girke muka rasa ba. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yadda za a yi su da sauri ba tare da an zubar da amfaninsu ba.

Abin da ke cikin ƙwaya

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, sinadarin da ke gina tsoka da jini da gyara jiki. Adas ma haka yake. In an dafa su sun sha ruwa, giram 100 na ba da furotin giram 8 zuwa 9. Waken soya ya zarce su duka, domin fiye da kashi ɗaya cikin uku na busasshensa furotin ne, shi ya sa awara ke riƙe ciki yadda take riƙewa.

Akwai masu cewa furotin na tsiro ba cikakke ba ne, kuma maganar tana da tushe. Furotin haɗin wasu ƙananan tubala ne, tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Wake yana da wadatar guda da ake kira laisin amma yana da ƙarancin wani da ake kira mesiyonin. Hatsi kuwa, gero da dawa da masara da shinkafa da alkama, akasin haka suke. In suka haɗu sai kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Wato mai cin garau-garau, da mai haɗa ƙosai da koko, da mai cin tuwon dawa miyar wake, duk sun riga sun yi abin da masana abinci ke koyarwa a aji. Ba kuma lallai ba ne a haɗa su a kwano ɗaya. In an ci su cikin yini guda ya wadatar.

Bayan furotin akwai faiba, wato ɓangaren abincin da hanji ba ya narkarwa. Ita ke sa wake ya daɗe a ciki, ta hana suga hawa jini farat ɗaya, ta sauƙaƙa bayan gida, ta kuma taimaka wajen rage mugun kitse a jini. Wannan ne dalilin da ya sa ake ce wa mai ciwon suga ya sa wake ya rinjayi shinkafa a kwanonsa, ba shinkafa ta rinjayi wake ba. Akwai kuma folet, bitamin da mai ciki ke matuƙar bukata, adas kuma na cikin abincin da suka fi ɗauke da shi.

Sai sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma a nan akwai abin lura. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna fiye da rabin matan da ke shekarun haihuwa na fama da ƙarancin jini. Wake da adas na ɗauke da ƙarfe, amma irin na tsiro jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Abin da ke buɗe masa hanya shi ne bitamin C: matsin lemon tsami, ɗanyen tumatir, tattasai, kabeji, ko gwaiba da lemon zaƙi bayan cin abinci. Abin da ke toshe masa hanya kuma shi ne baƙin shayi da gahawa in an sha su tare da abincin. Duk mai al'adar kora wake da shayi, ya jinkirta shayin kamar awa ɗaya.

Adas: me ya zo da shi?

Adas ba baƙo ba ne a kunnen wanda ya yi karatun allo, domin an ambace shi a Suratul Baƙara cikin abincin da Bani Isra'ila suka roƙa. A baki ne yake baƙo. Ba a nomansa a ƙasar Hausa, don ya fi son yanayi mai sanyi. A Gabas ta Tsakiya aka fara shuka shi shekaru dubbai da suka wuce, yanzu kuma Kanada, musamman lardin Saskatchewan, da Indiya ne manyan masu nomansa. Hausawan Sudan sun san shi sarai, domin miyar adas da burodi abincin yau da kullum ne a can, haka alhazai da ɗaliban da suka zauna Makka da Madina da Alkahira. A Masar ana haɗa shi da shinkafa da taliya da miyar tumatir da soyayyar albasa a yi koshari, abincin da ake saye a bakin titi. A Sham ana dafa shi da shinkafa a lulluɓe da soyayyar albasa, wanda in ka gani ba ka ce ba garau-garau ba ne.

A wajen gina jiki, adas bai fi wake da wani abin a zo a gani ba. Fifikonsa ɗaya ne: lokaci. Jan adas, wanda aka ɓare aka raba biyu, ba ya son jiƙo, kuma cikin minti 15 zuwa 20 ya narke ya zama miya mai kauri. Mai ruwan ƙasa da kore, waɗanda ke da ɓawonsu, kan ɗauki minti 25 zuwa 35, kuma suna tsayawa ƙwaya-ƙwaya, don haka su suka dace da dafa-duka ko kwaɗo. Illarsa a wurinmu kuɗi ne: kayan waje ne, a manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja da Yamai ake samunsa, kuma farashinsa na bin dala. Ga wanda ke da hali, ajiye leda ɗaya don ranar da aka dawo aiki a makare dabara ce. Ga sauran jama'a, surfaffen wake na yin kusan duk aikin da jan adas ke yi, domin sirrin saurin nasa ba wani abu ba ne illa cire ɓawo da raba ƙwaya.

Maganar sauri

A nan ne yawancin masu niyya ke karaya. Wake na iya shafe awa ɗaya ko fiye a kan wuta, gas kuma ya yi tsada, gawayi ma ba arha. Matar da ta taso daga aiki ko makaranta ƙarfe huɗu, ko ɗalibi mai risho ɗaya a ɗaki, in aka ce musu wake sai su ɗauko taliyar leda. To amma ba a fafe gora ranar tafiya. Saurin girkin wake ba a kan murhu ake samunsa ba, tun jiya ake shirya shi.

Da farko a san irin waken da aka saya. Sabon wake na kaka ya fi saurin dahuwa. Wanda ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima yakan ƙanƙare, ko an kwana ana hura masa wuta ba ya laushi yadda ake so. Sannan jiƙo. In aka jiƙa wake da safe kafin a fita, ko da dare kafin a kwanta, lokacin dahuwarsa na raguwa sosai. A lokacin bazara kada jiƙon ya wuce awa shida, don zafi na sa ruwan ya fara tsami. Wanda ya manta bai jiƙa ba, ya tafasa waken minti biyu, ya kashe wuta, ya rufe tukunya awa ɗaya yana wasu ayyukan, sannan ya zubar da ruwan ya ɗora da sabo.

Abu na gaba shi ne jerin zuba kayan haɗi. Tsami na hana wake laushi. Wanda ya zuba markaɗen tumatir ko tsamiya ko yakuwa tun farko, ya ƙara wa kansa zaman jira. A bari waken ya yi laushi tukuna, sannan a zuba jajjage. Gishiri kuwa ba ya taurara wake kamar yadda ake yawan faɗa, ana iya sa ɗan kaɗan tun da wuri.

Sai kanwa, tsohuwar dabarar iyayenmu. Gaskiya ne tana sa wake ya yi laushi da wuri, domin tana warware abin da ke ɗaure ƙwayar. Amma tana karɓar ladanta. Tana lalata wasu bitamin, musamman B1, kuma cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda ake ce wa mai hawan jini ya rage. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Ba a ce ɗan gutsuren kanwa a tukunyar wake zai kwantar da mutum ba, amma wanda ya jiƙa wakensa ba ya bukatarta, wanda kuma likita ya hana shi gishiri ya sani cewa kanwa na cikin hanin.

Akwai hanyoyi biyu na rage cin wuta. Ta farko ita ce tukunyar nan mai kulle murfi da ke dafa abinci da matsin tururi. Jiƙaƙƙen wake na dahuwa a cikinta cikin kamar minti 10 zuwa 15 bayan ta fara huci. Tana da tsada a sayen farko, amma gas ɗin da take ragewa na mayar da kuɗinta. Sai dai kada a cika ta ta wuce rabi, saboda kumfar wake na iya toshe kafar tururi. Ta biyu ba ta bukatar sayen komai: a tafasa jiƙaƙƙen wake sosai minti 15, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a sa cikin kwando ko babbar kula. Zafin da ya rage zai ci gaba da dafa shi, bayan awa biyu zuwa uku a buɗe a tarar ya yi laushi, sai a ɗumama a ƙarasa haɗi.

Mai firiza da tsayayyar wuta ko sola na iya dafa mudu guda ranar hutu, ya ƙulla a leda daidai cin rana ɗaya-ɗaya. Dafaffen wake na kwana uku zuwa huɗu a firji, a firiza kuma watanni. Da irin wannan ajiya, faten wake bai wuce minti 15 ba: a soya albasa da jajjage a ɗan mai, a sa daddawa da citta, a juye waken, a yanka alayyahu ko a watsa zogale a rufe minti uku. Amma gidaje nawa ke da wutar da za a dogara da ita? Ga mafi yawa, ajiyar da ba ta bukatar lantarki ita ce mafita, kuma tun da can muna da ita. A surfa wake da yawa lokaci guda, a wanke dusar, a shanya ya bushe ƙarau. Rabi a ajiye shi haka, rabi a kai inji a niƙo gari, a zuba a mazubi mai murfi. Surfaffen wake na narkewa ya zama miya cikin kamar rabin awa, a ci da tuwo ko shinkafa ko burodi. Garin kuwa shi ne abincin gaggawa na ainihi: a kwaɓa shi da kuka a jefa ɗanwake, kafin minti 20 an zauna ci, a dama shi da albasa da attarugu da manja a turara alala, ko a dama shi da ruwa a zuba cikin soyayyen jajjage ana juyawa har ya yi kauri, irin yadda Habashawa ke yin miyar da suke kira shiro da garin ƙwayarsu.

Ga wanda ya samu jan adas, ga hanya mafi sauƙi. A wanke gwangwani ɗaya har ruwan ya washe. A soya albasa da tafarnuwa da citta a cokali biyu na man gyaɗa, a sa kurkum da ɗan barkono, a zuba adas da ruwa gwangwani uku, a yanka karas ko kabewa ƙanana a ciki. Bayan minti 20 a sa gishiri, a sauke, a matsa lemon tsami. Yana isar mutum uku zuwa huɗu in akwai shinkafa ko gurasa a gefe.

Gargaɗi ɗaya kan sauri: babban jan waken nan mai siffar ƙoda da ake sayarwa a kantunan zamani yana da wani dafi da ke sa amai da gudawa in bai dahu ba. Dole a jiƙa shi, a zubar da ruwan, a tafasa shi da ƙarfi aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Wanda ke cikin gwangwani an riga an dafa shi, sai dai a tsane ruwan a ɗauraye don rage gishiri.

Inda lafiyar ke zubewa

Rashin nama a kwano ba shi ne lafiya ba. Ƙosai tsiro ne zalla, amma in an tsamo shi daga man da aka kwana uku ana soya da shi har ya yi baƙi, ba a yi wa zuciya adalci ba. Awara ma haka: ana iya yanka ta a jefa cikin miya ko a gasa ta a kasko da ɗan mai, maimakon a nutsar da ita a tafasasshen mai kullum. Garau-garau da ake yi wa ambaliyar mai har yana kwanciya a gindin kwano ya tashi daga abincin mai neman lafiya. Cokali ɗaya ko biyu ya ishi mutum guda. Ɗanwaken zamani kuma a wurare da yawa suna ne kawai ya rage, domin fulawa ce da kuka da kanwa, babu wake ko ƙwaya. Mai son amfanin ɗanwake ya tabbata garin wake ne ya fi yawa a kwaɓin.

Sai gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukkan abin da zai ci. Dunƙulen kansa yawancinsa gishiri ne. In aka sa shi a tukunya, aka ƙara gishiri, sannan aka barbaɗa yajin da shi ma an daka shi da dunƙule da gishiri, an ci na kwana biyu a zama ɗaya. Mutane kan ce abinci ba nama salam yake, shi ya sa suke cika dunƙule. Maganin lami ba nan yake ba. Daddawa ta kalwa na ba miya irin zurfin ɗanɗanon da ake nema a romo. Albasa in aka soya ta a hankali har ta yi ja tana kawo zaƙi da ƙamshi. Ƙuli-ƙuli da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da riɗi na kawo maiƙo mai amfani. Citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa na tayar da ƙamshi, ɗan tsami a ƙarshe kuma na farkar da komai. Ganye kuma kada ya zama ado. Hukumar ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a yini, kuma zogale da rama da alayyahu da kabewa da yalo ba su fi ƙarfin aljihu ba.

Akwai haɗarin da ke zuwa tun daga kasuwa. Ƙwaro na cin wake a rumbu, don haka wasu 'yan kasuwa ke zuba masa maganin ƙwari mai ƙarfi wanda ba a yi shi don abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar sinadarin dikulobos da aka samu a ciki, hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗi a kan wannan ɗabi'a. Waken da ke warin magani ko ke da wata farar ƙura a jiki, a bar wa mai shi. Wanki da zubar da ruwan tafasar farko na ragewa, amma ba su da tabbacin kawar da shi duka. Abin takaicin shi ne akwai mafita mai sauƙi. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka aka kuma fara yaɗa shi a yankinmu daga 2007, leda biyu ne masu kauri cikin buhu na uku. In aka ɗaure su tam, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. A gida ma, jarka mai tsabta da aka cika maƙil da busasshen wake aka toshe bakinta na yin wannan aiki. Wanda ya sayi wakensa da kaka ya ajiye da kansa ya huta da fargaba, ya kuma huta da tsadar bazara.

Kumburin ciki fa? Wake na ɗauke da wasu nau'o'in suga da hanjinmu ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su yi aikin, su saki iska. Ba cuta ba ce. Jiƙo da zubar da ruwan jiƙon, da surfe, da dafawa har ya yi luguf, duk suna ragewa. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, cikin 'yan makonni ciki kan saba.

Abin da wake ba zai bayar ba

Wanda ya bar nama kwana uku ko huɗu a mako, yana kuma shan nono yana cin ƙwai ko kifi a sauran kwanakin, babu abin da zai rasa. Wanda ya ce zai bar duk abin da ya fito daga dabba kwata-kwata, lissafinsa daban ne. Bitamin B12 ba ya cikin wake ko adas ko ganye ko hatsi ta yadda za a dogara da shi. Hanta na ajiye shi na shekaru, shi ya sa rashinsa ba ya bayyana da wuri, amma in ya ƙare yana kawo ƙarancin jini, da jin kamar ana tsira allura a tafin hannu da ƙafa, da mantuwa, har da lalacewar jijiyoyi da ba lallai ta gyaru ba. Ita kanta ƙungiyar da Watson ya kafa tana gaya wa mabiyanta su sha ƙwayar B12 ko su ci abincin da aka ƙara masa shi. A Turai irin wannan abinci na cike da kantuna. A nan ba haka ba ne, don haka ƙwayar ta zama dole.

An fi jin tsoron wannan ga mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara. Cikin yaro ƙarami ne, wake kuma na cika ciki da wuri kafin jiki ya samu abin da ya ishe shi. A yankin da tamowa ke damun yara da yawa, hana yaro ƙwai ko nono ko kifi alhali akwai halin ba shi, don bin wani salo, ba dabara ba ce. A ƙara masa wake da gyaɗa da waken soya a kununsa, amma kada a rage masa sauran. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya yawaita wake sai da shawarar likitansa, saboda sinadaran da ƙodar da ta gaza ba ta iya tacewa.

Abin da ya rage shi ne na zuci. Har yanzu akwai gidajen da ake jin kunyar kawo wa baƙo shinkafa da wake sai an ɗora tsoka a kai, ana ganin wake abincin ranar babu ne. Alhali kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 sukutum don wake da danginsa, ta kuma sa 10 ga Fabrairu ta zama ranarsu a kowace shekara, saboda suna ciyar da mutum da arha, suna jure fari, saiwarsu kuma na ƙara wa ƙasa taki, abin da manomin da ke shuka wake tsakanin kunyoyin gero ya daɗe da sani. Cibiyar IITA da ke da reshe a Kano da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun shafe shekaru suna fitar da irin da ke nuna da wuri. Aikin da ya saura na cikin gida ne, kuma ba mai yawa ba ne: a sayi wake mai tsabta da kaka, a surfa a niƙa a ajiye, a jiƙa kafin a fita, a rage mai da dunƙule da kanwa, a yawaita ganye da lemon tsami. Gidan da ya riƙe waɗannan zai iya sauke abinci mai gina jiki cikin rabin awa sau da yawa a mako, kuɗin naman da aka rage kuma ya tafi ga ƙwai da nonon yara, waɗanda su ne suka fi kowa bukatarsu.